Matar da Ta Zauna a Kan Takalman Mijina

Da ƙarfe shida na safe, lokacin da matan gari suke buɗe tagogi don iska ta shiga, Goggo Shiru rufe nata take yi. Ɗakuna takwas ne a gidan hutun matuƙa jiragen soja, huɗu dama huɗu hagu, da siririn lungu a tsakani. Takan bi su ɗaya bayan ɗaya, ta ja labule mai ruɓi biyu wanda ita da kanta ta ɗinka da tsofaffin barguna, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma kada haske ya leƙo, ta ɗiga man keken ɗinki a duk ƙofar da ta ji tana shirin yin ƙara. Ƙafafun kujeru ma ta naɗe su da robar tsohuwar taya. Ita kanta ba ta shiga lungun da takalmi, safa take sawa, sai dai ka ganta a gabanka ba ka ji tahowarta ba.

Wajen ƙarfe bakwai sai su fara isowa, waɗanda suka kwana a sama suna sintiri, idanu jajur. A bakin ƙofa akwai benci, akwai kwando, akwai akwatin katako. Waya a kwando, takalman but a akwati, kuma babu hafsan da ya isa ya wuce da ɗayansu ko da kafaɗarsa ta cika da taurari. Ta tambaye ka lokacin da za a tashe ka, ta rubuta da alli a jikin ƙofa, ta koma bencinta. Nan za ta zauna har la'asar tana gadin barcin mutum takwas. A takardar aikinta kuwa abin da aka rubuta shi ne "mai shara da gyaran gado". Shekara ashirin da bakwai ta yi a haka, makon jiya ta ajiye aiki.

Ni matar ɗaya daga cikin matuƙan nan ce, malamar makaranta, kuma gara in faɗa tun yanzu cewa ba da ƙauna na fara sanin Goggo ba. Ina amarya na kira wayar maigidana da rana tsaka, sai na ji muryar wata tsohuwa ƙasa-ƙasa.

"Yana barci."

"Matarsa ce," na ce, da irin muryar da nake tsammanin za ta buɗe kowace ƙofa.

"To madalla. Gobara ce?"

"A'a."

"Haihuwa ce, ko rasuwa?"

"Gas ne ya ƙare."

"Zai ci gaba da ƙarewa har ƙarfe huɗu, 'yata," ta ce, ta kashe.

Na yi kwana uku ina cika ina batsewa. Yau idan na tuna, kaina nake jin haushi.

Ga abin da yake ba ni takaici, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Doka ta ba matuƙin da ya yi aikin dare awanninsa na hutu, an rubuta, an buga hatimi. Amma a wajen mutane, namijin da ya kwanta da rana rago ne kawai. Idan ya dawo gida, yara na guje-guje, maƙwabci na gyaran janareta, baƙi sun zo gaisuwa kuma ba a ce musu su koma. Surukata, Allah ya ƙara mata lafiya, takan leƙa ɗakin ta ce, "Wai har yanzu yana kwance? Ubansa bai taɓa barin rana ta same shi a gado ba." Ubansa kuwa tela ne, bai taɓa ɗaga mutum bakwai sama cikin duhu ba. Su kansu matuƙan sun fi kowa laifi. A wajensu mutum ya ce ya gaji kamar ya ce shi matsoraci ne. Suna ta alfahari da wanda ya fi daɗewa ido biyu, suna ɗura kofi da lemon gwangwani mai hana barci. Maigidana har laƙabi ya samu, abokan aikinsa suna ce masa Kifi, wai ba a taɓa ganin ya rufe ido ba. Shi kuma sai ya washe baki kamar an ba shi lambar yabo.

A tsakiyar wannan shirme aka samu mace ɗaya da ta ɗauki barci aiki. Tambayi mai yankan ciyawar sansanin. Ya ba ni labari da bakinsa cewa ranar da ya tada injinsa a bayan tagogin nan da hantsi, bai ankara ba sai ya ga tsohuwa a tsaye a gaban injin, hannu a ƙugu. Ya ce umarnin saje ne. Ta ce ya je ya gaya wa saje ciyawa ba za ta gudu kafin la'asar ba. Tun daga ranar, yankan ciyawar wannan ɓangaren ya koma yamma, ba tare da wani ya sa hannu a takarda ba. Tambayi masu badujala da suka zaɓi inuwar bishiyar da ke gaban gidan don gwajin kiɗa. Tambayi wani sabon hafsa da ya zo duba tsaftar ɗakuna da sha ɗaya na rana, da sandarsa a hammata. Ta miƙa masa safa, ta ce idan zai shiga ya cire takalmi, kuma ɗakin da ya buɗe, shi zai tuƙa jirgin mai ɗakin da dare. Ya duba tsaftar lungun daga bakin ƙofa, ya ce ta yi.

Tashin mutum ma da tsarinsa a wajenta. Ba ta buga ƙofa. Takan ɗage labule kaɗan haske ya shiga, ta kira mutum a hankali, sannan ta zaunar da shi a benci da kofin ruwa, ba za ta ba shi takalmi ba sai ya yi kamar minti ashirin. Tana cewa wanda ya farka yanzu jikinsa ne ya tashi, hankalinsa yana baya yana tahowa. Likitan matuƙa ya gaya mini cewa abin da ya karanta a littattafai ke nan da dogon Turanci. Goggo ba ta karanta ko ɗaya ba, kallon fuskoki kawai ta yi shekara da shekaru.

Goggo, ke ce kika san wanda yake son fanka da wanda sanyi ke hana shi runtsawa. Ke ce kika raba mai minshari da mai saurin farkawa, ɗaya a farkon lungu ɗaya a ƙarshe. Ke ce kike ƙwace kofin kofi daga hannun ƙato ki zubar a gabansa, yana ƙunƙuni kina kunnen uwar shegu. Raina kama, ka ga gayya.

Yanzu bari in zo kan maganar da ta sa ba zan iya yin shiru ba.

Akwai wani fom da kowane matuƙi yake cikewa kafin ya tashi, ana tambayarsa awa nawa ya yi barci. Kowa takwas yake rubutawa. Wanda ya yi uku takwas ne, wanda bai runtsa ba ma takwas ne, domin wanda ya rubuta gaskiya za a sauke shi daga jadawali, abokai su yi ta yi masa dariya. Manya suna karɓar fom ɗin suna jerawa a fayil, kowa ya san ƙarya ce, kowa ya gamsu. Goggo ba ta karanta fom. Gado take karantawa, tun da ita take gyara shi. Ta san yadda matashin kai yake lotsawa idan kai ya daɗe a kansa, ta san zanin da aka yi barci a kai da wanda aka yi ta juyi, ta san ɗumin katifa.

Shekara shida da suka wuce 'yarmu ta kwanta asibiti, tana da wata tara, numfashinta yana sama-sama. A makon ne aka sa mijina aikin dare kwana biyar a jere. Ni kaɗai ce a gefen gadon yarinya, tsoro ya cika ni, kuma da bakina na ce masa, "Wato jirgi ya fi 'yarka ke nan?" Na faɗa, ba zan ɓoye ba. Shi kuma maimakon ya je ya nemi a sauya shi, sai ya ƙirƙiro dabara irin tasu. Da safe ya miƙa waya, ya miƙa takalmi, ya shiga ɗaki na shida. Ashe ya ɓoye silifas a jaka. Da gida ya yi tsit sai ya dira ta taga, ya taho asibiti ya wuni tare da mu, kafin huɗu ya koma ta tagar, ya yamutsa zanin gado, ya fito yana miƙa. Na san yana yi. Har daɗi nake ji, ina cewa a raina ai Kifi ne, ba ya gajiya.

Ranar farko Goggo ta ga gadon, ta dube shi ta ce, "Ɗana, gadon nan bai san ka ba yau." Ya yi dariya ya wuce. Rana ta biyu ta ga ƙurar silifas a bakin taga, ta ce masa ya je ya ga likita, ya ce to. Rana ta uku ya fito ya miƙa hannu a ba shi takalmi, sai ya tarar ta rufe akwatin ta zauna a kai. Mutum huɗu ne suka shaida abin da ya biyo baya, kuma duk bakinsu ɗaya.

"Goggo, takalmana."

"Ba ka kwanta ba."

"Na kwanta mana. Ga fom nan, awa takwas."

"Fom ɗin ne ya kwanta, ba kai ba. Warin asibiti kake yi. Yaya jikin yarinyar?"

Sai ya hau dokin zuciya. "Wannan ba huruminki ba ne. Ke mai shara ce."

"Haka ne," ta ce. "Mai sharar ce a kan akwatin."

Tana iya yiwuwa ya ari takalmin wani ya tafi, ita ma ta san haka. Ba takalmin take riƙewa ba, so take a ji. Aka kuwa ji. Kwamandan wancan lokacin ya iso yana huci, ya ce jirgi zai tashi da mutum bakwai kafin magariba, wace ce ita da za ta tsoma baki a aikin soja. Ta miƙe tsaye don girmamawa, amma ta ɗora ƙafa ɗaya a kan murfin akwatin.

"Ranka ya daɗe, ni ban san jirgi ba. Gado na sani. Kwana uku yaron nan bai sa haƙarƙarinsa a katifa ba. A kira likita ya ce ƙarya nake yi, ni da kaina zan ɗaura masa igiyar takalmin."

Da magana ta kai kunnen likita, dole a duba. Ya zaunar da mijina a kujera, ya juya ya ɗauko abin awon jini, ya juyo. Barci ya kwashe Kifi. Baki buɗe, kai a jikin bango, yana tsakiyar cewa shi lafiyarsa ƙalau. Ba a iya tashinsa ba, sai ɗaukarsa aka yi aka kwantar, bai farka ba sai washegari da hantsi. Wani ne ya tuƙa jirgin, mutum bakwai ɗin suka je suka dawo, har yau ba su san an yi wannan ba.

To me kuke tsammani aka yi wa matar nan? An ba ta takardar gargaɗi, aka dakatar da ita wata guda saboda rashin ladabi ga hafsa. Fom ɗin ƙarya kuwa yana nan a fayil, ba wanda ya taɓa shi. Mijina aka cire sunansa daga wani kwas da ya daɗe yana jira, ƙarin girmansa ya ja baya da shekara guda. Ya ɗauki fushin duniya ya ɗora wa tsohuwa. Shekara shida yana miƙa mata takalmi yana karɓa, ko sannu bai ce mata ba. Namiji idan aka kama shi da gajiya, ya fi wanda aka kama da sata jin kunya, ni dai na kasa gane wannan.

Ni ma ban fi shi ba. Da aka sallami 'yarmu, sai na nemi gidan Goggo na je da faɗa a bakina. Na same ta a tsakar gida tana ɗinka wani sabon labule, alhali an kore ta daga aikin na wata guda. Na zazzage mata duk abin da ke cikina, cewa ta tona wa mijina asiri, ta ja masa baya. Ta bar ni na gama, ta turo mini kujera.

"Zauna, 'yata. Na gwammace ki zo mini da faɗa da ki zo mini da kuka."

Sai ta ba ni labarin da ba ta cika bayarwa ba. A shekararta ta farko a aikin, akwai wani matashin matuƙi a ɗaki na uku, mai yawan raha. Wata rana ta shiga gyara gadonsa ta tarar babu abin gyarawa, yadda ta shimfiɗa da safe haka yake, sai ɗan lotsawa a gefe inda ya zauna. Ta gani, ta ce a ranta ina ruwan mai shara. Ta miƙa masa takalmi, ya yi mata godiya. Bai dawo ba. Kwamitin bincike ya ce kuskure ne, kuma ita ma ba ta ce barci ne ba, domin ba ta sani ba.

"Amma na san gadon," ta ce. "Washegari na shiga da sabon zani a hannu, na tsaya, babu abin da zan canza."

Na koma gida. A daren nan na kasa kallon fuskar mijina, domin ni ce na tura shi ta taga.

Goggo, ke ce kika ga abin da ni matarsa na ƙi gani. Ke ce kika yarda a zage ki, a dakatar da ke, a yi shekara shida ana wuce ki kamar bango, don yarinyar da ba ki taɓa gani ba ta tashi da uba. Yanzu tana aji biyu, bakinta ya fi nawa kaifi, kuma kullum ubanta ne yake duba mata aikin gida.

Sai ga bikin sallamarta makon jiya, wanda ya kusa sa ni hawan jini. Don a karrama matar da ta yi shekara ashirin da bakwai tana hana ƙara da rana, sai aka kafa rumfa a ƙofar gidan hutun, da ƙarfe sha biyu na rana, aka jera lasifika biyu manya, aka gayyato masu badujala. Mutum biyar suna barci a ciki. Babu wanda ya tuna, daga mai tsara taron har mai ɗaukar kujeru. Mai gabatarwa ya busa makirfo ya ce, "Gwaji, gwaji." Goggo, cikin kayanta masu kyau, ta tashi daga kujerar babbar baƙuwa, ta bi wayar lantarkin har bango, ta zare ta. Ta juya wajen masu badujala ta ɗora yatsa a baki. Sannan ta dawo ta zauna.

Sabon kwamanda, mutumin kirki ne, ya yi dariya marar sauti, ya karanta jawabinsa da raɗa, muna ta miƙa wuya. Sai aka kawo kyauta. Agogon bango ne, irin mai buga ƙararrawa duk awa. Na rantse na ga leɓenta ya motsa, amma ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Daga nan aka sanar da ci gaba: ba za a ɗauki wani a gurbinta ba, an kawo wata manhaja a waya, kowane matuƙi zai riƙa shigar da awannin barcinsa da kansa. Wato wayar da take ƙwacewa ita za ta gaje ta, kuma mutanen da suke rubuta takwas a takarda su ne za su rubuta gaskiya a gilashin waya. Na dubi matar da ke kusa da ni, ita ma matar matuƙi ce, muka girgiza kai tare.

Ana shirin tashi sai na ga mijina ya miƙe daga layin manya. Yanzu shi ne mai koyar da sababbin matuƙa, furfura ta fara fito masa. Ya sunkuya a gaban kowa ya kwance igiyar takalmansa, ya cire, ya tako da safa a kan tsakuwa har gabanta, ya ajiye su. Wuri ya yi tsit, wanda dama haka take so.

"Goggo," ya ce, "jiya awa huɗu na yi. Takwas na rubuta."

Ta dubi takalman, ta dube shi. Ba ta ce ai ga shi nan ba, ba ta tuna masa komai ba.

"Kana da tashi yau?"

"Da magariba, da ɗalibai biyu."

"Ɗaki na shida babu kowa," ta ce. "Na sa an gyara tagar, ba ta buɗuwa."

Ya wuce ciki, ƙananan matuƙa suna kallon malaminsu yana tafiya barci da rana tsaka, a gaban kwamanda. Ita kuma, wadda aka sallama minti goma da suka wuce, ta ɗauki takalman ta sa a akwati, ta jingine agogon kyautarta a bango bayan ta cire masa batir, ta zauna a bencinta har la'asar.

Mun gode, Goggo. Ni na gode, 'yata ta gode, da mata da yawa da ba su san sunansu yana cikin masu godiya ba. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa ki sami mai rufe miki labule ke ma.

Ku kuma manyan sansani, bencin nan yana nan babu kowa a kai. Ku ajiye manhajarku idan kuna so, amma ku zaunar da mutum mai ido da taurin kai, kuma idan ya faɗi gaskiya kada ku ba shi takardar gargaɗi. Ku matuƙa, ku rubuta huɗu idan huɗu kuka yi, ba a taɓa binne mutum don an yi masa dariya ba. Mu kuma na gida, iyaye da mata da maƙwabta, mu daina tashin mai aikin dare don gas ya ƙare.

Ina rubuta wannan ne a bakin ƙofar ɗakinmu, da azahar. Yana ciki yana barci, wayarsa tana aljihuna, takalmansa suna ƙarƙashin kujerata. Ɗazu surukata ta zo, ta tambaya ko har yanzu yana kwance. Na gaishe ta da ladabi, na ce eh Mama, yana kwance, sai ƙarfe huɗu. Ta dube ni, ta dubi takalman, sannan ta cire nata ta zauna kusa da ni.